Katin Zaɓe, Lambar NIN da "Alamar Dabba": Me Ya Haɗa Su, Me Ya Raba Su?

Shin mai bin Almasihu zai iya miƙa yatsunsa goma a ɗauka a na'ura, a ɗauki hoton fuskarsa, a ba shi lamba, kuma ya koma gida da bangaskiyarsa yadda ya fito da ita? Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato aka buɗe rajista, ko banki ya aiko da saƙon cewa za a rufe asusun wanda bai kai lambarsa ba, wannan tambaya takan sake tasowa a majami'unmu, daga cikin garin Katsina har Funtuwa, Malumfashi da ƙauyukan Ƙafur. Ba a cika jin ta a lokacin wa'azi ba. A ƙofar majami'a ake yin ta, da cikin zaurukan WhatsApp na zumunta.

Ni a inuwar bedi ta same ni, wata Lahadi bayan an tashi daga sujada. Wata dattijuwa 'yar zumuntar mata, wadda tun ina ƙarami nake ce wa Mama, ta yafito ni, ta kwance wayarta daga bakin zane, ta ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, saurari wannan." Muryar wani namiji ce, babu suna, babu gari, ga wani kiɗa mai sanyi a bayansa kamar na jana'iza. Ya ce lambar NIN ita ce alamar dabbar da aka yi annabci a kanta a Littafi Mai Tsarki, katin zaɓe kuma yana ɗauke da wani ɗan ƙarfe mai bin sawun mutum, duk wanda ya dangwala ya shiga littafin magabcin Almasihu. A saman saƙon ga 'yan kibiyoyin nan biyu masu nuna cewa ya sha yawo. Mama ta ce, "Ni dai na fasa maganar katin zaɓen nan. Abin da ya rage mini a duniya kaɗan ne, ba zan ɓata shi a kan Kaisar ba." A ƙullin da ta ciro wayar na hango katin cirar kuɗi, wanda da shi take karɓar abin da ɗanta ke turo mata daga Kaduna. Ban ce komai a kansa ba, don ba a ƙure babba a gaban jama'a.

Lambobin da ake cakuɗawa

Abu na farko da masu irin wannan muryar kan yi shi ne zuba abubuwa huɗu a tukunya ɗaya: NIN, BVN, katin zaɓe da na'urar BVAS.

NIN lamba ce mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bai wa ɗan ƙasa da mazaunin ƙasa. Da dokar 2007 aka kafa hukumar, amma yawancinmu ba mu san da ita ba sai a Disamban 2020, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar. Daga 2021 hukumar JAMB ta ce babu jarrabawa sai da ita, a Afrilun 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. BVN ita ma alƙaluma 11 ce, amma ta banki ce, Babban Banki ya fito da ita a 2014 domin kada mutum ɗaya ya riƙa buɗe asusu da sunaye daban-daban.

Katin zaɓe na hukumar INEC ne. Gaskiya ne akwai ɗan guntun lantarki a jikinsa, an sa shi ne saboda na'urar karanta kati da aka fara aiki da ita a 2015. Ba shi da batir, saboda haka ba ya iya aika saƙo ko'ina, sai an kanga shi a jikin na'ura yake magana. Idan bin sawu ake tsoro, wayar da ke ƙulle a zanen Mama ta fi katin nesa ba kusa ba, domin dare da rana tana gaisawa da turakun sadarwa.

Sai BVAS, na'urar rumfar zaɓe, wadda aka yi amfani da ita a zaɓen gwamnan Anambra a 2021, sannan a duk ƙasa a 2023. Aikinta biyu: ta duba yatsa ko fuska ta tabbatar kai ne mai katin, in an gama ƙirga kuma ta ɗauki hoton takardar sakamako ta aika shafin hukumar. Takardar ƙuri'a daban take, da tawada kake dangwala ta a keɓe, ka ninke ka jefa. Na'urar ta san ka zo, ba ta san wanda ka zaɓa ba.

Cikin huɗun nan babu wanda ake dasawa a jikin mutum.

Abin da ayar ta faɗa

Maganar alama tana cikin Wahayin Yahaya, wanda masu tsohuwar fassara suka sani da Ru'ya ta Yohanna, sura 13, aya 16 zuwa 18. A taƙaice, za a tilasta wa kowa, babba da yaro, mai kuɗi da matalauci, ya karɓi alama a hannun dama ko a goshi, ba mai iya saye ko sayarwa sai mai ita, lambar dabbar kuwa 666 ce. Wanda ya tsaya a nan, ya ɗaga kai ya ga an rufe masa asusu saboda rashin lamba, dole gabansa ya faɗi.

Amma littafin bai tsaya a nan ba. A sura 14, inda aka faɗi hukuncin masu alamar, an haɗa abu biyu a numfashi ɗaya: wanda ya yi wa dabbar sujada kuma ya karɓi alamarta. Haka haɗin yake maimaituwa har zuwa sura 20. A farkon sura 14 ɗin kuma an nuna wasu mutane da sunan Ɗan Ragon da na Ubansa a rubuce a goshinsu. Ban taɓa jin mai wa'azin da ya ce wannan rubutun na'ura ce za a dasa wa tsarkaka ba. Kowa ya yarda yana nufin na wane ne kai. Wanda ya san Maimaitawar Shari'a sura 6 zai tuna an umarci Isra'ilawa su ɗaura maganar Allah a hannu da goshi, wato ta mallaki aikinsu da tunaninsu. Alamar dabba kishiyar wannan ce, shaidar wanda mutum ya miƙa wa wuya.

Tarihi ya ajiye mana misali da ya fi kowane bayani. A shekara ta 250, Disiyas, sarkin Rum, ya ba da umarni kowa a daular ya miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, su kuma su ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu da dama a Masar, suna nan da sunayen masu su da sa hannun jami'an. Masu bi da yawa sun ƙi karɓa, an ɗaure wasu, an kashe wasu. Takardar kanta guntun rubutu ce kawai. Abin da ya sa ta haramta shi ne abin da za ka yi kafin a miƙa maka ita. Wannan ce tambayar da ta dace a yi wa kowace takarda ta hukuma: wa ake so in rusuna wa, me ake so in musunta, kafin a ba ni? A layin NIMC sunanka ake tambaya, da ranar haihuwa, da inda kake zaune, a auna tsawonka. Ba mai cewa ka musunci Almasihu.

Lambar 666 kuwa, mu nan ƙasar Hausa bai kamata ta ba mu wuya ba, domin mun san hisabi, mun san malaman da ke ba kowane harafi adadinsa su haɗa sunan mutum ya zama lamba. Yahudawa da Helenawa ma haka suke yi. Masana da yawa sun lura cewa sunan Niro Kaisar, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa 68 kuma ya azabtar da masu bi a birnin Rum, in an rubuta shi da haruffan Ibraniyanci yana ba da 666. In an bi yadda ake faɗarsa da Latin aka cire harafi ɗaya, sai ya koma 616, kuma akwai tsofaffin kwafe-kwafen littafin da 616 ɗin ke ciki. Ayar da kanta ta ce lambar ta mutum ce. Lamba ɗaya ce ta sunan mai mulkin, alhali NIN kowa da tasa.

Ba duka masu bi suka tsaya a kan Niro ba. Da yawanmu da muka tashi a majami'un da suka fito daga mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), irin su ECWA, an koya mana cewa cikar annabcin tana gaba, a kwanakin babban tsanani. Katolika, waɗanda suka sami dayosis nasu na Katsina a 2023 da Bishop Gerald Mamman Musa a kansa, sun fi karanta littafin a matsayin hoton gwagwarmayar ikkilisiya da masu mulkin da ke neman a bauta musu a kowane zamani. Sai dai ko wace fassara ka bi, ba a karɓar alamar bisa kuskure, kana tsaye a layi da rana kana jiran a gyara janareta.

Game da rubuta suna a littafin hukuma, Luka sura 2 ta ce ƙidayar Kaisar Augustas ce ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Bulus, da za a yi masa bulala a Urushalima, haƙƙinsa na ɗan ƙasar Rum ya ɗaga, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Masu kafa hujja da ƙidayar Dawuda da ta jawo annoba sukan manta cewa akwai littafi guda mai suna Littafin Ƙidaya, inda Allah da kansa ya ce a ƙirga jama'a.

Tsoron ya girmi wayar hannu

An yi wannan zargi ga lambar tsaron zamantakewa ta Amurka tun shekarun 1930. An yi shi ga zanen layi-layi da ke jikin kayan kanti bayan fitowarsa a 1974. A lokacin korona ya koma kan allurar rigakafi da 5G, har hukumar sa ido kan kafafen watsa labarai ta Birtaniya ta ci tashar talabijin ɗin Kirista ta Loveworld tarar fam 125,000 a 2021 saboda maganganun da ta watsa a kan cutar. Kowane zamani sai a ce wannan karon ita ce, shekara goma ta wuce, sai ka ga mai gargaɗin yana amfani da abin da ya hana.

Amma a nan gida akwai saiwar da ta fi wannan zurfi. Kakanninmu sun san cewa in bature ko dagaci ya zo ƙirga kawuna, haraji ne ke tafe, in ya ƙirga shanu, jangali. Sai a 1979 Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. Wanda ya girma yana ganin ana ɓoye saurayi a rumbu ranar ƙidaya, ba a rana ɗaya zai yarda cewa rubuta suna alheri ne ba. Ƙara da cewa Bahaushe Kirista tsiraru ne a garinsu, kuma tsiraru ko'ina a duniya sukan ji wani iri in an ce ana tattara sunaye. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha irin nasu: gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 yana cikin abin da ya sa jama'a suka guji rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Inda Mama take da gaskiya

A nan nake rabuwa da 'yan bokon da ke yi wa irin su Mama dariya. Ayar tana gargaɗi ne a kan mulkin da ke iya hana mutum saye da sayarwa, kuma Bakatsine ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma, Ƙanƙara da Jibiya. Wata da watanni mutane na hawa mota su je wani gari don kawai su kira 'yan'uwa. Masu POS suka naɗe tabarma, ɗan kasuwa ya koma yawo da tsabar kuɗi a hanyar da kowa ya san halinta. Ko dalilin ya karɓu ko bai karɓu ba, mun ga cewa sa hannun mutane ƙalilan ya isa ya kashe wayar gari guda. A farkon 2023 kuma, da canjin takardun naira 200, 500 da 1,000, mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa, ana sayen naira da naira, manomi ya kai buhun masara kasuwa ya rasa mai biya. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. Kafin nan, a Nuwamban 2020, Babban Banki ya samu umarnin kotu ya rufe asusu 20 na waɗanda aka alaƙanta da zanga-zangar EndSARS.

Ga kuma batun amana. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, duk da hukumar ta ce ba a fasa rumbunta ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar da aka ɗora wa aikin, amma mutum nawa ne a Ƙafur ya san inda zai kai ƙara? Ɗan damfarar da ke kira ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka, sannan ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, daga wani wuri ya samo su.

Duk wannan haɗari ne na gaske. Sai dai dubi inda maganinsa yake. Wa ke yanke shawarar katse layi? Gwamna da gwamnatin tarayya. Wa ke naɗa gwamnan Babban Banki, wa ke tantance shi? Shugaban ƙasa da majalisar dattawa. Wa ke rubuta dokar da za ta hukunta mai sayar da bayananka? 'Yan majalisa. Dukkansu da ƙuri'a suke hawa. Muryar da ke wayar Mama ta nuna mata zaki na gaske, sannan ta ce ta yar da sandar da ke hannunta.

Yadda kan masu bi ya rabu

Masu ƙin rajista ɗungurungum ba su da yawa, kuma galibinsu tsofaffi ne. Rayuwa kan tanƙwara su a hankali, ranar da jika zai rubuta JAMB ko layi ya daina kira. Abin da ya fi sauƙin bari shi ne katin zaɓe, tunda rashinsa ba ya hana kowa cin tuwo a ranar. Shi ya sa duk tsoron yakan tattaru ya sauka a kansa.

Akwai masu cewa Romawa sura 13 ta gama magana, a yi biyayya ga hukuma, ga shi kuma Yesu ya ce a ba Kaisar abin da ke na Kaisar. Suna da hujja, amma wasunsu kan wuce gona da iri har su ga duk mai tambaya a matsayin jahili, alhali manzannin da kansu sun ce wa majalisar Yahudawa dole a fi yi wa Allah biyayya a kan mutane. Akwai kuma masu cewa lambobin ba su ne alamar ba, amma shimfiɗa ce ake yi mata. Da waɗannan ba ni da babbar jayayya, in dai "shimfiɗa" tana nufin a buɗe ido a kan masu riƙe da na'urorin. In tana nufin a koma ɗaki a rufe ƙofa, to hanyar mota ma shimfiɗa ce, da wutar lantarki.

Rukunin da ya fi damuna ba ruwansa da 666. Matasa ne da suka yi tururuwar yankar kati a 2022, lokacin da batun tikitin Musulmi da Musulmi ya ɗumama majami'u, suka yarda na'ura za ta hana maguɗi. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin hukumar a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, a Oktoba kuma Kotun Ƙoli ta ce shafin ba shi ne ma'aunin tattara sakamako a doka ba. Yanzu in ka yi musu maganar kati sai su ce, "Yaya, an riga an rubuta." Sun ɗora wa na'ura begen da ba ta iya ɗauka, kamar yadda Mama ta ɗora mata tsoron da ya fi ƙarfinta, kuma ranar zaɓe su da ita a gida za su wuni.

Lissafin Katsina

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a Nijeriya, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Jihar Katsina tana da masu rajista kusan miliyan uku da rabi, amma tazarar da ke tsakanin Atiku Abubakar da Bola Tinubu a nan ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, a jihar shugaban ƙasa mai ci a lokacin. Kujerar majalisar jiha da ta kansila kuwa, da abin da bai kai haka ba ake cin su.

Duk wanda ya taɓa raka dattawan ikkilisiya wajen ɗan siyasa neman rijiyar burtsatse, ko malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, ko takardar filin majami'a, ya san yadda zaman yake. Za a karɓe ku da fara'a, a kawo lemo, a ce Baba Fasto ya yi addu'a. Amma akwai wani yaronsa a gefe da ya san rumfunan unguwarku ɗaya bayan ɗaya, da adadin da kowacce ta kawo a zaɓen da ya wuce. Da wannan adadin ake auna buƙatarku bayan kun fita. Ba sai an zargi wani ɗan takara da kitsa irin muryar da Mama ta kunna mini ba. Ko mai tsoron Allah ne ya naɗe ta da zuciya ɗaya, ribarta tana zuwa ga wanda ba ya son ganin ku a layi. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, gobe muryar za ta iya zuwa da sunan wani babban fasto da kowa ya sani. Dokar nan ta tara da muka haddace a makarantar Lahadi, wadda ta hana shaidar zur, ba ta keɓe wanda ya danna "tura" kawai ba.

Bayan mako uku Mama ta sake yafito ni a wuri ɗaya. Ta ce ta kai wa Baba Fasto maganar, ya buɗe mata sura 14 suka karanta tare. Ashe ma tana da tsohon kati tun tana Malumfashi, abin da take buƙata a mayar mata da rumfa nan Katsina. Sai ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini. Shekarun sussuka da wanki da sabulun soda sun shafe zanen yatsun, sun yi sumul kamar bayan ƙwarya.

"To ɗana, in na'urar ta ƙi karɓar waɗannan fa?"

Na ce, "Sai ta duba fuska, Mama."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ai fuskar ma ba wadda ke jikin katin ba ce yanzu." Ta ƙulle wayarta a bakin zane, ta ce in zo da babur ranar Talata da sassafe, kafin rana ta yi zafi.